Darasi Talatin na Madam Sahura

Ranar ɗaya ga watan Oktoba, da ƙarfe takwas na safe, aka buɗe lakkwal, wato makarantar boko, a Kukar Maidabo, wani ƙauye can cikin yashin karkarar Sukukutane. Buɗewar ta takarda ce. Ɗakin siminti ɗaya ne a makarantar, shi ma dirakta ya shanya wake a ciki. Sauran azuzuwan rumfunan kara ne, karan kuwa yana tsaye a gona. Duk ɗan Arewa ya san wannan: sai an gama girbi, an ɗaure dammuna, an sare kara, sannan iyaye su kafa rumfa, sannan yara su baro gona. Tsakiyar Nuwamba ke nan, in an yi hanzari.

Amma da safiyar nan malamai uku na zaune a benci ƙarƙashin itacen bedin da ke tsakar filin. Dirakta Ishaku ya ɗora tabilet ɗinsa a cinya yana fifita gawayin shayi. Mushe Rabilu (Mushe ake ce wa malami namiji), mai aji uku, ya jingine tasa da gindin itace yana ɓarar gyaɗa. Daga na'urorin biyu muryar wata mace mai daɗi ke fitowa: "Yara, ku dubi hoton nan. Me kuka gani?" Sai ta yi shiru don yara su amsa. Awakin mai gari ne kaɗai a filin.

Ta ukunsu, Madam Sahura, mai aji ɗaya, tata na cikin jaka a kashe.

"Madam, kunna mana," in ji dirakta. "Takwas ta gota."

"In kunna ma wa, Mushe? Awakin ga ban ga sunansu cikin littafina ba."

Rabilu ya kwashe da dariya. "Yaya Sahura, wagga baƙar akuyar ta fi ƴan ajina na bara natsuwa. Dube ta, ko tari ba ta yi."

Dirakta bai yi dariya ba. Ya juye shayi daga kofi zuwa kofi, ya ce ba tare da ya kalle ta ba, "Bana sunanki yana cikin waɗanda ake dubawa. Ni dai na faɗa miki."

Ta sani. Babu abin da ta fi sani.

Sahura ƴar Kore Mairuwa ce. Ubanta gyaran keke yake yi a bakin kwalta, uwarta na sayar da yakuwa da busasshiyar kuɓewa ranar kasuwa. Sau biyu ta zauna jarrabawar birbe kafin ta samu, ta yi makarantar horon malamai a Dosso, aka turo ta daji da takardar kwantaragi. Shekara goma sha huɗu ke nan. Malamin kwantaragi malami ne a aji, a ofis kuwa ɗan aro ne: ba shi da matirikil, lambar nan da ke mai da mutum cikakken ma'aikacin gwamnati, mai girma a aiki, mai fansho in ya tsufa. Sahura ta koyar a ƙauye huɗu. Ta haifi ƴaƴa uku, biyu daga ciki a bayan amalanke aka kai ta asibiti. Mijinta Nuhu ɗan ci-rani ne, wata bakwai a Kwatano, wata biyar a gida. Sau uku ana tsara jerin waɗanda za a ba matirikil, sau uku ana ce mata baɗi. Yanzu babu sauran baɗi: shekarunta sun zo bakin iyakar da aka yanke wa masu shiga aiki. In bana ta wuce ta, ta wuce ta har abada.

Mutanen ƙauye suna girmama ta, ba su cika son ta ba. Ba ta iya wasa da iyaye, ba ta karɓar kaza. Amma yaron da ya fito daga ajinta yana karanta takardar asibiti, kuma wannan ko maƙiyinta ya shaida.

Tabilet ɗin wani furoje ne, shirin tallafi daga waje, ya kawo su. A watan Satumba aka tara malamai a Dogon Dutsi kwana biyar ana koya musu. Mai koyarwar wani saurayi ne, Mus'ab, wando ɗangale, gemu a gyare, Faransanci na zuba daga bakinsa kamar famfo. Ya nuna musu komai: darasin karatu na kowace rana yana ciki, da murya, da hoto, da waƙa. Malami ya taɓa "fara", ya bi matakai da yaransa, ya taɓa "gama". Na'urar ta rubuta rana da lokaci. Darasin da aka rufe ba ya sake buɗuwa. In malami yana tafiya daidai da kalandar gwamnati, layinsa kore ne a allon ofis; in yana baya, ja. Kuma an ce kwamitin da ke tsara jerin matirikil zai duba wannan allon. Tsofaffin littattafan jagora na malamai kuwa an tattara su an tafi da su, tunda komai yana cikin na'ura.

Rana ta uku Sahura ta ɗaga hannu.

"Mushe, mu da muke da ajin kara fa? Ba mu farawa sai Nuwamba."

Kowa a zauren ya san abin da take nufi. Fiye da rabinsu ajin kara suke koyarwa.

"Bon, Madam, tambaya ce mai kyau," in ji Mus'ab. "Amma a hukumance makaranta tana buɗewa ɗaya ga Oktoba. Sistem ɗin ya bi hukuma. Za mu kai maganar sama."

A hukumance! Mus'ab ɗan wani ƙauye ne kusa da Kiyeshe. A rumfar kara ya koyi baƙin farko, kunnensa ya sha ƙaiƙayin gero. Ba jahilci ne ya hana shi magana ba. Aikinsa na shekara ɗaya ne, ana sabunta shi in allo ya yi kore, kuma masu ba da tallafi a can nesa an riga an gaya musu cewa ana karatu wata tara cif. Wa zai ɗauki waya ya ce musu ƙarya aka yi? Shi kuwa dirakta Ishaku shekara shida yana neman a mai da shi Dutsi, inda iyalinsa suke, inda akwai lantarki. Makaranta mai kore ita ce motarsa. Rabilu ma ɗan kwantaragi ne, shekara uku kacal, amma ya fahimci duniya da wuri. Babu wanda ya zauna da wani aka ƙulla. Kowa dai ya dubi na kusa da shi, ya ga abin da ake yi. Daga Tibiri har iyakar arewa, kowace safiya, ana kunna wa fili darasi minti arba'in, a rufe, a sha shayi.

Sahura ta ƙi. In an tambaye ta dalili, dalilinta mai kyau ne: in ta ƙona darasi talatin na farko a kan awaki, ranar da yaranta suka zo, na'urar za ta fara musu da haɗa jimla alhali ba su san baƙi ko ɗaya ba. Gaskiya ce. Sai dai ba ita kaɗai ce a zuciyarta ba. Akwai wani abu da ba ta faɗa wa ko mijinta ba. Tana jiran ranar da wata farar mota za ta taso daga Yamai, wani babba ya sauko, ya dubi allon nan da ya cika da kore, ya ga ja ɗaya tal, ya tambaya, a ba shi labari, ya juyo gaban dirakta da Rabilu ya ce, "Wannan ita ce malama." Shekara goma sha huɗu ba a taɓa ce mata haka ba. Ta fi son a ba ta matirikil tare da wannan kalmar. Girman kai ne, to, sai me? Wanda aka hana komai, in ya riƙe girman kansa, wa ya isa ya ce ya yi kwaɗayi?

Ranar sha huɗu ga Nuwamba iyaye suka gama rumfa. Yara sittin da bakwai suka zauna a yashi, wasu da ƙanne a baya. Sahura ta rataye ƙaramar lasifikar a jikin dirka, ta taɓa darasi na ɗaya.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne, na'urar tana da kyau. Muryar ta ce "a", aka nuna akuya, yara suka yi ihu suna nuna waje. Waƙar baƙaƙen ta shiga ƙauye cikin kwana uku, har mata na yin ta a bakin turmi. Wata yarinya mai i'ina, da Sahura ta ɗauka sai an kai rani kafin ta buɗe baki, ta fara amsa wa muryar, don ita muryar ba ta gajiya kuma ba ta harara. Sahura kan share gilashin da bakin mayafinta, ta naɗe ta a tsumma saboda ƙura. Ranar Alhamis takan hau tudun yashin da ke gabas da ƙauye, inda ake samun rezo, inda waya ke kamawa, ta aika rahoto. Kowace Alhamis layinta ja: baya da darasi talatin.

A tsakiyar Disamba farar mota ta zo. Ba daga Yamai ba. Mus'ab ne, shi da direba. Ya shiga rumfar ya tsuguna a baya, ya saurari darasi na sha takwas har ƙarshe. Ya kira yara biyar, suka karanta masa "baba", "kaka", "tuta". Da aka fita hutu ya ja ta gefe.

"Wallahi Madam, tun da na fara zagayen nan ban ga aji kamar naki ba."

Ga kalmar ta zo, ko da daga bakin yaro ne.

"To ka rubuta haka nan," ta ce.

"A ina? Babu gurbin rubuta shi. Gurbi biyu ne, kore da ja." Ya shafa gemu. "Donk, ga furoblem ɗin. Ranar Juma'a ake rufe rahoton zango na farko. Shi kwamiti zai gani. A duk yankin nan ke kaɗai ce ja."

"Ni kaɗai na yi aiki, shi ya sa."

"Na sani."

"Ka san su Rabilu awaki sunka koya wa?"

Ya dubi takalminsa. "Madam, ni ban ga komai ba. Ni allo nake gani."

"Kai da ke wa mutane wa'azi a masallaci bisa amana?"

Fuskarsa ta canza. "Inna, ki yi mini adalci. In na rubuta abin da ke faruwa, an rufe furojen a yankin nan, an kwashe na'urorin. Yarinyar can mai i'ina, ta rasa ke nan. Wa na taimaka?" Ya rage murya. "Ni ban ce ki yi komai ba. Na ce dai ranar Juma'a ake rufewa."

Inna. Ta lura da ya sauya mata suna, kamar mai lallashin tsohuwa ta sha magani. Motar ta juya ta tafi.

Ranar Laraba dirakta ya aiko matar mai gari ta yi mata magana. Ranar Alhamis da safe Nuhu ya kira daga Kwatano, wani ya ba shi labari. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Sahura, guiwata ta fara ciwo. Dakon ga ba zan kai shekara biyar ina yi ba. Ke ce dabararmu." Kafin ta amsa, kuɗin wayarsa suka ƙare.

Da aka tashi yara da azahar ta zauna ita kaɗai a rumfar. Rana na shigowa ta tsakanin kara tana zana mata layi-layi a zane. Ta buɗe darasi na ashirin da ɗaya. Muryar ta ce, "Yara, ku dubi..." Ta taɓa gaba. Gaba. Gaba. Gama. Na ashirin da biyu. Ta rage sautin har ƙasa don kada ta ji. Ta ga hotuna suna wucewa, raƙumi, rijiya, wata waƙa da ba za a taɓa yi a bakin turmi ba. Ba ta yi kuka ba. Sauri take yi, kamar mai haɗiye maɗaci, don a gama. Da ta kai na hamsin ta tashi, ta hau tudu cikin rana, ta aika. Layinta ya koma kore a gaban idonta.

A nan ta yi kuskuren da Rabilu ba zai taɓa yi ba. Shi ƙaryarsa mai ladabi ce: kowace safiya takwas daidai, minti arba'in cif, Asabar da Lahadi hutu. Ƙarya ma sana'a ce, tana son haƙuri da juriya. Sahura ba ta koye ta ba. Ta zuba ta gaba ɗaya, rana tsaka.

A watan Janairu aka kira taron malamai a Dutsi. Zaure guda, fanka na juyawa, manya a teburin gaba. Wani baƙo daga babban ofishin furoje, mai tabarau da kwat, ya haska allo a bango. Kore, kore, kore. Aka tafa. Sannan ya ce akwai abin baƙin ciki guda. Ya ce amfanin na'ura shi ne ba a yi mata wayo. Ya haska wani layi, an rufe sunan amma an bar sunan ƙauye da aji, wanda daidai yake da a kira ta da sunan ubanta.

"Darasi talatin," in ji shi, "cikin minti arba'in da ɗaya. Ranar Alhamis, bayan an tashi. Ƴan'uwa malamai, wannan ha'inci ne. Yaran talakawa aka cuta."

Kawuna suka juyo. Ta ga fuskokin da suka yi wata ɗaya da rabi suna koya wa fili karatu, yanzu suna girgiza kai. Wani ma har da salati. Dirakta Ishaku ya sunkuyar da kai kamar uban da ɗansa ya ba shi kunya. Mus'ab yana gefen na'urar haskawa, yana gyara wata waya da ba ta lalace ba.

Sahura ta miƙe. Kujerar ta faɗi bayanta.

"Ni ce. Sahura, Kukar Maidabo, aji ɗaya. Na yi, ban musa ba. Amma Mushe, tunda na'urarka ba a yi mata wayo, tambaye ta: ran ɗaya ga Oktoba, yara nawa ad da akwai gaban waɗanga malamai? A wane ɗaki sunka zauna? Karan yana gona! Kai, Mushe Mahamadu na Kiyeshe, da kake salati, yaushe anka kafa rumfarka?"

Wanda ta kira ya ce, "Madam, kar ki sa ni cikin maganarki."

"Kuna ciki tun kafin in tashi! Ni wata biyu da rabi ina ja don na ƙi yi, ba wanda ya zo ya ce don mi. Na yi sau ɗaya, kun hasko ni a bango!"

Mai tabarau ya ɗaga hannu cikin natsuwa. Ya ce ya fahimci ɓacin ranta, amma zargin abokan aiki yana buƙatar hujja. Ya ce bayanan sauran malamai babu abin tuhuma a cikinsu: rana daidai, lokaci daidai. Ya dubi zauren ya ce, ko akwai wanda zai tabbatar da maganar Madam?

Fanka ta yi ta juyawa. Mutum tamanin, kowannensu ya taɓa ɗaure kara da hannunsa. Ba wanda ya motsa. Ba mugunta ba ce, kuma wannan ya fi ciwo: kowa da lalurarsa, wani matirikil, wani canjin wuri, wani mata mai ciki. Shi ma mai tabarau, da za a tone, ya san amsar. Shi ya sa ya yi tambayar a gaban jama'a, inda ya tabbata ba za a amsa ba. Yana buƙatar maha'inci ɗaya don rahotonsa ya nuna cewa ana sa ido. Ɗaya ya ishe shi. Tamanin kuwa sun yi masa yawa.

Aka ce ta zauna. Ba ta zauna ba, ta ɗauki jakarta ta fita.

Ba a kore ta ba. Wa zai tafi Kukar Maidabo ya riƙe yara sittin da bakwai? Takardar gargaɗi aka sa a fayil ɗinta. Ta koma aji. Darasi na ashirin da ɗaya zuwa na hamsin sun rufe, jagorar takarda babu, sai ta riƙa haɗa su daga ka, da alli, yadda ta saba tun kafin a zo da na'ura. Yara suka yi mako biyu suna tambayar ina mai waƙa.

Jerin ya fito a watan Afrilu, lokacin da zafi ke sa karan rumfa yana ƙara. Rabilu ne ya hau tudu ya gani a wayarsa: sunansa na ciki, nata babu. Ya sauko da gudu, sannan da ya hango ta ya rage tafiya. Da la'asar ya shigo gidanta da ledar alawa, wadda yake rabawa gida-gida.

"Yaya, Allah ya sa naki na tafe. Baɗi in sha Allahu."

"Baɗi shekaruna sun wuce, Rabilu. Ka sani."

Ya tsaya da ledar a hannu. "Wallahi da kin ce mini, da na nuna miki yadda ake yi. Biyu-biyu kullum, safe da marece, da ba wanda ya gane."

Da gaske yake, taimako yake nufi. Ta karɓi alawar ta miƙa wa ƴarta.

Bayan mako guda, tana kan tudu ranar Alhamis, wayarta ta yi ƙara. Mus'ab ne, muryarsa cike da murna.

"Madam, albishirinki! An gyara sistem. Daga baɗi malamin ajin kara shi zai sa ranar da ya fara, kalanda ta bi shi. Maganarki ta Dutsi ce ta jawo, mai tabarau da kansa ya kai ta sama. An sa ta cikin rahoton shekara, a babin abin da aka koya daga karkara."

"Da sunana?"

"A'a... an ce dai, lura da ma'aikatanmu suka yi."

"To, tunda an yarda gaskiya na faɗa, takardar da ke cikin fayil ɗina fa? Da jerin?"

Rezo ya yi ta ƙugi. Ta ɗauka ya yanke.

"Wannan ba ɓangarenmu ba ne, Madam. Kuma... kin dai yi abin. Yana rubuce." Ya yi gyaran murya. "Dama abin da ya sa na kira: a Satumba za mu koya wa sababbin malamai, muna son wadda ta iya aiki da na'urar ta zo ta yi darasin gwaji. Na ce babu kamarki."

Sahura ta dubi ƙauyen daga sama, rumfunan nan huɗu da iskar farkon damina za ta kwashe nan da wata biyu.

"Ka kira Rabilu," ta ce. "Shi ne ma'aikacin gwamnati."

Ta kashe wayar, ta tsaya har rahoton makon ya gama tafiya, sannan ta gangara.